Buɗaɗɗiyar Wasiƙa ga Shugabannin Kasuwannin Kano da Masu Filaza: A Hau Rufi Kafin Bazara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Iyayenmu shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa na Kantin Kwari, Sabon Gari, Singa, Ƙofar Wambai, Dawanau da kasuwar waya ta Farm Centre, da Alhazai masu filaza da rukunin shaguna a cikin birni da waje, Allah ya ƙara muku girma, ya sanya albarka a dukiya da iyali.

Ni mai aikin rufi ne. Da kafinta na fara, daga baya na haɗa da gyaran dekin da fentin kwano, kuma mafi yawan abincina a kasuwanninku nake samunsa. Roƙo ɗaya ne ya sa na ɗauki alƙalami: ku mayar da duba rufin kowane ginin kasuwa aikin dole na kowace shekara, a yi shi tsakanin Janairu da Fabrairu, kafin bazara ta kama. A rubuta shi cikin dokokin ƙungiya, a rubuta shi cikin takardar haya, a san wanda zai biya da wanda zai sa ido. Na san wani zai ce ai mai aikin rufi kasuwa yake nema wa kansa. Gaskiya ne aiki zai zo mana. Amma kun fi ni sanin cewa mun fi samun kuɗi a watan Yuni, lokacin da iska ta yaye kwano, mai gini ya kira mu hankali tashe, ko nawa muka ce ba ya tayawa. Aikin da nake roƙo a yi shi ne mai arha, wanda ake yi cikin natsuwa.

Kano tana kusa da tsakiyar duniya, don haka wajen ƙarshen Afrilu rana da tsaka take tsayawa daidai tsakar ka. A wannan lokaci bango ba ya shan rana sosai, rufi ne ke ɗauke kusan dukkan nauyin. Da tsakar rana, idan gari ya washe, kowace murabba'in mita ɗaya ta rufi tana karɓar zafin da ya kai kimanin wat 1,000. Shagon da ke da mita 3 a faɗi da mita 4 a tsawo yana da murabba'in mita 12 a kansa. Kamar a jona dutsen guga goma sha biyu ne a jera su a kan shagon, a bar su a kunne daga hantsi har la'asar. Idan rufin mai haske ne, mafi yawan wannan zafi komawa sama yake yi. Idan baƙi ne, ko ya yi tsatsa, ko ƙura ta rufe shi, shanyewa yake yi ya sauke wa na ƙasa. Kwano mai duhu yakan haura digiri 70 a ma'aunin Salshiyas a ranar da iskar gari take 40 da ɗoriya. Mu da ke taka shi mun sani: ta cikin takalmi ake jin sa, kuma guduma idan ka ajiye ta a kai, sai ka sa tsumma kafin ka ɗauka.

Wa ke ƙarƙashin wannan kwano? Ba mai gini ba ne. Sau da yawa ma ba mai shago ba ne, domin shi yana iya fita masallaci ya ɗan jima, ko ya zauna a ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. Yaron shago ne, da tela da ke kan keke a bene na ƙarshe, da mai gyaran waya da ya sunkuya kan ƙarfen narka dalma, da ɗan dako da ke hawa da dilar atamfa a ka zuwa sito na sama. Ku hau bene na ƙarshe a kowace filaza da misalin ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu. Fanka tana juyawa amma iskar da take kaɗawa mai zafi ce. Yara sun cire riga sun rage singileti, sun jiƙa tsumma sun ɗora a wuya. Ruwan leda da aka sayo da sanyi ya zama ɗumi kafin a sha rabi. Mai saye ya leƙo, ya ji hucin da ya bugi fuskarsa, ya ce bari ya dawo, ba ya dawowa. Shi ya sa shagon sama ke da arha kuma yake daɗewa babu mai haya, mai gini kuwa yana ɗora laifin kan matakala.

Kaya ma suna shan wahala irin ta mutane, sai dai su ba sa magana. Yawancin magunguna an rubuta a kwalinsu cewa a ajiye su ƙasa da digiri 30. Sito da ke ƙarƙashin kwano maras silin ya wuce haka nesa ba kusa ba. Maganin ba ya canza kama, amma ƙarfinsa yana raguwa, kuma marar lafiyar da ya saya ba zai taɓa sanin dalilin da ya sa bai ji sauƙi ba. Wannan kaɗai ya isa ya hana mai tsoron Allah barci. A Singa akwai alewa da cakulan da man shafawa da ke narkewa cikin kwali. A Farm Centre akwai batiran waya da na ajiyar caji da zafi ke kumbura su, kuma kumburarren batir yana iya kamawa da wuta. Turare yana tashi, gam yana saki, kayan roba suna lanƙwashewa. Duk asara ce da ba a rubuta ta a littafi da sunan rufi, sai a ce kaya ne suka lalace.

Zafin kuma ba raguwa yake yi ba. A farkon Afrilun 2024 an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, asibitocin Bamako suka cika da waɗanda zafi ya kayar. A waccan shekarar ta 2024 azumi ya faɗo cikin tsananin zafi, kowa a nan ya ji a jikinsa. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da gargaɗin zafi ga jihohin Arewa kusan kowace bazara. A da mai hali yakan ce ba komai, a ƙaro fanka, a sa na'urar sanyi. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuma aka ɗaga kuɗin wutar masu layin Band A zuwa naira 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, wannan lissafi ya canza. Yanzu duk zafin da aka bari ya shigo ta rufi sai an sayi dizal ko fetur an kore shi. Hana shi shigowa ya fi arha da nisa.

Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ginin kasuwa abin ya rabu biyu, kuma nan ne asalin matsalar. Wanda ya san inda yake yoyo ɗan haya ne, ba shi da ikon taɓa rufi. Wanda ke da ikon kuwa yana karɓar kuɗin shekara ta hannun wakili, wataƙila tun da aka gama ginin bai hau samansa ba. Ɗan hayan ƙasa yana cewa rufi ba nasa ba ne. Ɗan hayan sama yana cewa ba zai gyara wa wani gini da kuɗinsa ba, gobe a ƙara masa haya ko a tashe shi. Wakili yana cewa Alhaji bai ba da umarni ba. Kowa da hujjarsa, rufi kuwa ya zama maraya. Mutum ɗaya ba zai iya warware wannan ba. Ƙungiya ce kaɗai ke iya zaunar da mai gini da 'yan haya a tabarma ɗaya, shi ya sa nake rubuto muku.

Bari in faɗa muku abin da muke tararwa idan mun hau. A wata filaza mai hawa uku da aka kira ni, ba zan ambaci sunanta ba, kwatar da ke bayan katangar rufi ta cika maƙil da ƙurar hunturu wadda ta daskare ta zama laka, ga ledojin ruwa, ga kashin tattabaru, har wata ciyawa ta tsiro ta bushe a ciki. Bakin bututun da ke saukar da ruwa an toshe shi da tsohon takalmi. Akwai tsofaffin tayoyi da bulo da aka danne kwano da su maimakon a buga ƙusa. Akwai farantan tauraron ɗan adam guda huɗu da babu mai amfani da su, kowanne an huda kwano an ɗaure shi, ramin yana nan a buɗe. Wayoyin janareto sun bi ta kan kwano tsirara, rana ta cinye robarsu har jan ƙarfe ya fito. A kusurwa ga jarkar fetur biyu da wani ya ɓoye don kada a sace. Wannan ba gini ne na talaka ba, gabansa tayil ne da gilashi. Kuma ba shi kaɗai ba ne.

Don haka aikin farko ba ya bukatar injiniya: tsintsiya ce da shebur da buhu. A share, a kwashe tarkace, a wanke ƙura. Wankin kaɗai yana dawo wa kwano da wani abu na haskensa.

Sai a bi ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Mutane suna mamakin yadda ƙusar da aka buga da kyau take ɗagowa da kanta. Ƙarfe yana miƙewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Dogon kwanon alminiyam mai mita 10, idan zafinsa ya tashi da digiri 40 tsakanin asuba da azahar, yakan ƙaru da kusan santimita ɗaya, da dare ya koma. Wannan ƙas-ƙas da ake ji a rufi da hantsi shi ke nan. Kullum yana jan ƙusa gaba da baya, ramin yana faɗaɗa, robar da ke ƙarƙashin hular ƙusa tana bushewa ta tsage. A bazara babu mai lura domin babu ruwa. Sai ranar da hadarin farko ya taso da iska, ta sami gefe ɗaya da ya saki, ta shiga ƙarƙashi ta naɗe kwanon gaba ɗaya. A cire ƙusar da ta saki a sa sukuru mai sabuwar roba, kada a matse shi har ya murƙushe robar. A duba katako, domin gara tana cin cikinsa ta bar bayansa lafiya lau. Sai ka soka masa ƙusa ka ji ta shige kamar ba komai. A duba ɗaurin da ya haɗa katako da bango. Rufi da yawa da iska ke ɗauka ba kwano ne ya saki ba, katakon ne dungurungum ya tashi domin ba a ɗaure shi da rodi ko langa-langa a jikin gini ba.

Maganar launi ita ce wadda na fi so ku saurara, domin ita ce ta fi arha idan aka kwatanta da amfaninta, kuma ita ce aka fi yi wa gardama. Yayi ya shigo na kwano baƙi, ko ruwan ƙasa mai duhu, ko shuɗi mai duhu, musamman irin mai yashi-yashin nan. Yana da kyau a ido, ban musa ba. Amma mafi yawansa ga ƙasashen da ke neman ɗumi ya dace, mu kuwa ɗumi ya ishe mu. Farin rufi mai tsabta yana mayar da fiye da rabin hasken rana, wani fentin ma har kashi 80 cikin 100, baƙi kuwa yana shanye kusan duka. Bambancin zafin fatar rufin yakan kai digiri 20 zuwa 30. A cikin shago ba za a ga bambanci mai yawa haka ba, 'yan digirori ne, amma duk wanda ya wuni a shago ya san tazarar da ke tsakanin 36 da 40. A filaza mai katangar rufi ma babu wanda ke ganin kwanon daga titi, to don wa ake sa baƙin?

Wannan ba sabon abu ba ne da nake ƙirƙira. Birnin Ahmedabad na Indiya, bayan zafin 2010 ya kashe mutane masu yawa, ya fito da tsarin yaƙi da zafi a 2013, daga baya ya shiga shafa farin fenti da farar ƙasa a rufin gidajen marasa ƙarfi. Jihar Telangana ta can ta kafa manufar sanyaya rufi a 2023. Birnin New York na Amurka, da sanyinsa da komai, tun 2009 yake fente rufin gine-gine da fari. Mu da rana ta fi duka ba mu da dalilin zama a baya.

Sai dai a yi shi da sani. Farar ƙasa tana da kyau a kan dekin na siminti, tana da arha, sai dai damina tana wanke ta, dole a sake kowace shekara. Kada a shafa ta a kan kwano, domin tana cin alminiyam da tutiyar da ke kare kwano daga tsatsa. Kwano sai fentin da aka yi domin ƙarfe, bayan an kankare tsatsa an wanke an bari ya bushe an sa shafin farko. Fentin bango na cikin ɗaki ba ya aiki a nan, wata biyu zai fara ɓarewa. Kuma farin rufi yana son wanki idan hunturu ya wuce, in ba haka ba ƙura ta mayar da shi ja.

Dekin yana da nasa hali. Kwano yana zafi da wuri ya huce da wuri. Kankare kuwa yana wuni yana tara zafi, sai bayan magariba ya fara sauke shi ciki, shi ya sa ɗakin da ke ƙarƙashin dekin ya fi zafi da dare, masu gadi da masu kwana a shago sun sani. Yawancin dekin da ke saman filazojinmu ba a zuba shi don ya zama rufi ba. An zuba shi ne da niyyar ɗora wani bene idan kuɗi ya samu, aka bar rodi a tsaye suna tsatsa shekara da shekaru. Ba shi da gangara, ruwa yana kwanciya. Zafi yana tsaga shi, ruwa ya bi tsagar ya sami rodi, rodi ya yi tsatsa ya kumbura ya fasa kankare daga ciki. Idan kun ga silin na siminti yana zubar da ɓarɓashi har rodi ya bayyana, wannan ya wuce mu masu faci, a kira injiniyan gini mai rajista. Kano ba ta manta da benen da ya rufta a titin Beirut a Agustan 2022 ba. Inda tsagar ba ta yi nisa ba, a toshe ta, a yi wa dekin shafe mai gangara zuwa bakin bututu, a sa abin hana yoyo. Wanda ya shimfiɗa kwalta ya bar ta baƙa ya yi maganin ruwa amma ya ƙara wa kansa zafi. A rufe ta da farin shafi.

Abu na gaba shi ne iska tsakanin kwano da silin. Don a sami ƙarin tsawon shago, ko a rage katako, sai a manna silin kusa da kwano, a toshe ko'ina ruf. Iskar da ke tsakani ta yi zafi ba ta da mafita, sai ta ratsa silin ta sauko. Abin da ake bukata ƙofofin iska ne ƙanana a ƙasan rufi inda sabuwa za ta shiga, da wasu a ƙololuwa inda mai zafi za ta fita, a sa musu raga saboda jemagu da tsuntsaye. A manyan sito akwai irin fankar nan ta kan rufi da iska ke juya ta, ba ta cin wuta ko kaɗan. Takardar alminiyam mai ƙyalli da ake shimfiɗawa ƙarƙashin kwano tana taimakawa ƙwarai, amma sai an bar mata sarari. Idan aka matse ta tsakanin kwano da katako ta zama ado kawai.

Magabatanmu sun san wannan ilimi. Soron ƙasa da aka rufa da azara, aka yi masa daɓe mai kauri, aka shafe da makuba ko laso, aka fitar da indararo nesa da bango, yana da sanyi da rana ba tare da fanka ba. Wanda ya shiga Gidan Makama ko tsohon Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina ya ji haka a jikinsa. Abin da ya fi jan hankalina a tsarinsu shi ne al'adar yaɓe. Kowace shekara kafin ruwa ya sauka, maigida yakan kira magina su hau soro su toshe tsaga su gyara indararo. Babu wanda ke jiran sai ya ga ɗigo. Da kwano da siminti suka zo, sai muka ɗauka an gama da wannan wahala har abada, muka bar al'adar. Ba cewa nake a koma gina filaza da tubali ba, al'adar hawa rufi sau ɗaya a shekara nake so a dawo da ita. Masu zanen gini na wannan yanki ma sun nuna ana iya haɗa tsoho da sabo. Francis Kéré, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar Pritzker a 2022, ya gina makarantar firamare a ƙauyensu Gando da silin na bulon ƙasa, ya ɗaga kwano sama da shi ya bar iska tana ratsawa tsakani. A Dandaji ta Jamhuriyar Nijar, Mariam Kamara ta zana kasuwa da rumfunan bulon ƙasa da laimomin ƙarfe masu hawa-hawa da ke ba da inuwa kuma iska ta wuce. Kasuwar ƙauye ce ta Hausawa irinmu, ba ta Turai ba.

Yanzu ga abin da ya fi tayar min da hankali. Cikin silin nan da zafi ke taruwa, nan wayoyin wuta suke. Robar da ke jikin wayar gida ta yau da kullum an yi ta ne ta jure kimanin digiri 70. Waya tana yin zafi da kanta idan an ɗora mata kaya, kuma a bazara ne ake ɗora mata kaya mafi yawa: fanka, firiza, na'urar sanyi, duk a kan layin da aka ja don ƙwai biyu. Ga zafin kaya, ga zafin rufi, ga ɓera yana gaigaya, ga haɗin da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. A ƙasa kuma silin na roba ne mai narkewa ya ɗiga da wuta, a ƙarƙashinsa dilolin yadi. Saman shaguna a layi ɗaya yawanci a buɗe yake daga farko har ƙarshe, babu bangon da ya kai har kwano, don haka wutar da ta tashi a shago ɗaya ta cikin silin take gudu ta kama goma kafin maigadi ya ga hayaƙi. Gobarar Sabon Gari ta Maris 2016 ta cinye dubban shaguna, akwai waɗanda har yau ba su farfaɗo ba. Ba ina cewa rufi ne ya haddasa ta ba. Ina cewa duk ranar da aka hau duba kwano, a hau da mai aikin wuta wanda ya san aikinsa, ya leƙa cikin silin, ya sa wayoyi cikin bututu, ya canza waɗanda suka ƙone. Inda hali ya yi, a ɗaga bangon tsakanin shaguna har ya taɓa kwano. Tsohon silin na asbesto kuma kada a farfasa shi ko a yanka shi da inji, ƙurarsa tana lalata huhu.

Sola alheri ce, har inuwa take yi wa rufi. Amma a bar sarari ƙarƙashin faifan don iska ta wuce, domin shi ma ƙarfinsa yana raguwa idan ya yi zafi, a ɗaure shi a jikin katako ko ƙarfen rufi, a toshe duk ramin da aka huda. Batir kada a ajiye shi a ɗakin da ya fi ko'ina zafi, zafi yana rage masa kwana. Tankin ruwa mai lita 1,000 nauyinsa tan ɗaya ne idan ya cika. Kafin a jera uku a kan dekin a tambayi wanda ya san ƙarfin ginin.

Duk abin da na lissafa, aikin bazara ne kuma aikin damina ne a lokaci guda. Kwatar da aka yashe a Fabrairu ita ce za ta ɗauki ruwan Agusta. 'Yan Kwari sun ga abin da ruwa ya yi wa yadi a ambaliyar 2022 lokacin da ya rasa hanya.

Ina kuma roƙa wa 'yan uwana masu hawa. Idan aka bar aikin sai Afrilu, a kan kwano mai ƙuna za a tura yaro ya wuni. Jiri yana ɗibar mutum a can sama ba tare da sallama ba. Wanda zufa ta ɗauke masa, ya fara magana ba kan gado, ba aljanu ba ne, zafi ne ya buge shi: a sauko da shi inuwa, a jiƙa shi da ruwa, a yi masa fifita, a garzaya asibiti. Ku sa doka cewa aikin rufi daga bayan asuba ne zuwa hantsi, sai kuma bayan la'asar, da igiya a ƙugu da tsani mai kyau da ruwan sha. Wannan ma dalili ne na zaɓar Janairu.

Na san tambayar da ke ranku ita ce kuɗi. Ga abin da nake gani, ku kuma kun fi ni sanin yadda ake tafiyar da jama'a. Gyaran ƙashin gini, wato katako, kwano, dekin da babbar waya, na mai gini ne, domin dukiyarsa ce ake karewa. A ware wani kaso daga kuɗin hayar shekara tun ranar karɓa. Shara, wanki da farin shafi kuwa a raba tsakanin 'yan haya duka, na sama da na ƙasa, kamar yadda ake raba kuɗin maigadi da na kwasar shara. Idan ɗan haya ya yi gyaran da ya rataya kan mai gini da izininsa, a cire masa daga haya, a rubuta da shaidu. Kowane gida ko layi ya sami littafi ɗaya da za a rubuta ranar da aka hau, wanda ya hau, abin da ya gani da abin da aka gyara, sakataren ƙungiya ya sa hannu. Ƙungiya ta sayi fenti da sukuru a sari ta raba, kun fi kowa iya ciniki. Wanda yake shakka, kada a yi masa dogon bayani: a zaɓi layi ɗaya a fente rabinsa a bar rabi, a rataye ma'aunin zafi a shago biyu, a riƙa rubutawa kullum da azahar har wata guda. Jami'ar Bayero tana da sashen zanen gine-gine, ɗalibansu za su yi murna da irin wannan aiki idan kuka gayyace su.

Kuna da bakin magana da gwamnati wanda mu ba mu da shi. Ku nemi hukumar tsara birane ta jiha, KNUPDA, ta riƙa duba launin rufi da hanyar iska da gangarar dekin kafin ta amince da zanen sabuwar filaza, ku nemi Hukumar Kashe Gobara ta Jiha ta riƙa zagayawa tare da kwamitinku a farkon shekara. Amma kada ku jira su kafin ku fara. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma yaron da ke wuni ƙarƙashin kwanon da kuke karɓar hayarsa yana cikin waɗanda za a tambaye ku a kansu. Ina roƙon ku sa wannan magana cikin ajandar taronku na gaba, ku fitar da kwamiti da ranar farawa kafin hunturu ya ɗaga. Idan kuna bukatar masu nuna wa kwamitin abin da ake dubawa, mu masu wannan sana'a muna nan cikin kasuwa, a aiko mana.

Allah ya tsare kasuwanninmu daga gobara da ambaliya, ya ba mu bazara mai sauƙi.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani mai aikin rufi, Kano.